Biliyoyin tallafin masu fasaha: A ina suke maƙalewa kafin su iso Kano?

Duk mai bibiyar Facebook da TikTok ya san wannan salon. Sai a wayi gari a ga bidiyon wani tsohon jarumin fim ko mawaƙi yana kwance, jiki ya yi tsanani, an liƙa lambar asusu ana cewa a taimaka saboda Allah. Mu yi ta turawa, mu yi ta caccakar manyan jarumai cewa sun yi watsi da nasu, bayan kwana uku wata rigimar ta taso mu manta. A gefe guda kuma, kusan kowace gwamnati sai ta sanar da cewa ta ware biliyoyi don 'yan fim da mawaƙa da marubuta. To ina kuɗin suke tsayawa?

Kuɗin dai an sha sanar da su

A 2013, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 don masana'antar fim, a shirin da aka kira Project ACT Nollywood. A 2019, Babban Bankin Najeriya da haɗin gwiwar bankunan kasuwanci suka fito da rance na musamman ga masu fasaha, wanda mai shirya fim zai iya karɓar har naira miliyan 30 a kan ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na kusan dala miliyan 618, don matasa 'yan shekara 15 zuwa 35 masu harkar fasahar zamani da ƙirƙira. Cikin masu zuba kuɗi a shirin har da Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

Bayan nan Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikata sukutum don al'adu da tattalin arzikin masu fasaha, ya damƙa ta ga Hannatu Musawa, 'yar Katsina. A watan Janairun 2024 kuma ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da ke Jos. Ke nan yau namu ne a kan manyan kujeru biyu na wannan fanni. Ƙorafin nan da muka saba na cewa “ba mu da kowa a sama” ya rage ƙarfi. Amma ka je ka tambayi yaron da ke tace hoto a wani ɗan ofis a titin Zoo, ko yarinyar da ke rubuta littafi a wayarta a Gwammaja, ko sun taɓa ganin fom ɗin ɗaya daga cikin waɗannan shirye-shirye. Mafi yawa ko sunan ba su taɓa ji ba.

Ƙofar da ba mu da mabuɗinta

Gaskiyar magana, yawancin waɗannan kuɗaɗe ba rabo ake yi ba. Rance ne ko jari, kuma ta hannun banki suke bi. Banki kuwa takarda ya sani. Zai tambaye ka rajistar kamfani ta hukumar CAC, da lambar haraji, da asusun kamfani mai nuna shige da ficen kuɗi, da rubutaccen tsarin yadda za ka juya kuɗin ka dawo da su. Sau da yawa zai ce ka kawo naka kason, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wannan da Turanci, kuma ta intanet.

Mu kuwa harkarmu a kan amana da sanayya ta ginu. Furodusa ya kira jarumi a waya, a yi ciniki baki da baki, a gama aiki a tura masa kuɗi ta asusun wani yaronsa. Ku tuna ƙurar da ta tashi a watan Fabrairun 2022, lokacin da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta idan ta yi fim. Wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Aka yi mako ana musu a soshiyal midiya, kowa da gwaninsa. Abin da ya kamata mu lura da shi a rigimar shi ne, kalmar wani ce ke karo da kalmar wani. Da a ce rubuta yarjejeniya al'ada ce a masana'antar, da takarda ɗaya ta raba gardama. Masana'antar da ke biyan ma'aikacinta babu rubutu, da me za ta gamsar da manajan banki?

Akwai kuma batun ruwa. Matasanmu da dama, ko an sauƙaƙa sharuɗɗa, ba za su taɓa bashin da ke da riba ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Ga bankuna irin su Jaiz da TAJ da ba sa mu'amala da ruwa, ga tsarin musharaka inda mai kuɗi da mai aiki ke raba riba da asara. A ganina wannan tsari ya fi dacewa da fim, tunda babu wanda ya san abin da fim zai kawo sai ya fita. Sai dai shi ma mai musharaka lissafi zai nema kafin ya saki kuɗinsa.

Kasuwa ce ta fara rushewa

Mai ba da jari inda kuɗinsa za su dawo yake dubawa. A nan ne babbar matsalar take.

Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa zamanin faifan CD, Kannywood ba da kuɗin gwamnati ta tashi ba. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai ne ke saye su rarraba, kaset ya tafi Zinder da Maraɗi da Kumasi da Garwa, kuɗi su dawo a yi wani fim ɗin. Haka marubuta suke da kasuwarsu a Bata. Tsarin yana da nasa zaluncin, amma dai kuɗi na zagayawa. Da wayoyi suka yawaita, masu tura fim a memori suka cika kowane lungu, kasuwar faifai ta mutu murus.

Yanzu kusan kowa ya koma YouTube da fina-finai masu dogon zango, irin su Izzar So da Labarina, ko kuma ya nemi tashar da za ta saya, kamar Arewa24 da ta fara aiki a 2014. YouTube ya ceci mutane da yawa, amma kafin ma a fara biyan ka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Kuma abin da ake biya ya danganta da inda masu kallo suke. Kallo dubu daga Kano ko Yamai bai kai darajar kallo dubu daga Amurka ko Ingila ba, domin masu talla a nan ba sa biya da tsoka. Shi ya sa za ka ga fim da miliyoyin masu kallo, amma mai shi na fama da bashin kayan aiki. Manhajoji irin su Northflix da Kallo sun gwada tsarin biya ka kalla, sai dai mu masu kallon mun saba da na banza.

Kwatanta da Legas. A farkon 2024 fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya haura naira biliyan 1 a sinima kaɗai. Idan ta shiga banki, alƙaluman tikiti ne za su yi mata magana. Kano kuwa, da take da sinimomi irin su Plaza da Orion da El Dorado a zamanin iyayenmu, yau wuraren da za ka haska sabon fim a sayi tikiti ba su taka kara sun karya ba.

Marubutan intanet ma haka suke fama. Marubuciya ta buɗe zauren WhatsApp, a biya ta ɗari biyar ko dubu ɗaya, kafin ta kai babi na goma wata ta kwafe ta watsa a zauruka ashirin, wani kuma ya karanta shi a YouTube ya karɓi kuɗin talla. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Nawa ne cikinmu suka san da ita?

Sai kuma fargabar abin da gobe za ta haifar. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da jama'a da dama suka nuna adawa, aka janye. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci guda, ta ce ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Al'umma na da haƙƙin kare tarbiyyarta, kuma bin doka wajibi ne a kan mai shirya fim. Amma mai kuɗi na kallon duk wannan yana lissafi. Matuƙar babu ƙa'ida bayyananniya da lokacin da aka yanke na tace aiki, zai gwammace ya sayi Keke Napep goma ya ba da haya.

Kyauta daban, tallafi daban

Da kasuwa ta mutu, sai 'yan siyasa suka cike gurbin. Kowa ya ga hotunan: ana miƙa mabuɗin mota, ana raba kujerar Makka, ana naɗa mai ba da shawara na musamman. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, za ku ga abin ya ninka.

Ba hassada muke yi ba, Allah ya sanya alheri. Amma wannan kyauta fuskokin da aka sani kaɗai take samu. Mai riƙe fitila, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, mai rubuta labari, ko ƙurar motar ba sa gani. Mota ba ta samar da ɗakin ɗaukar sauti, ba ta horar da kowa, kuma ranar da maigida ya faɗi zaɓe shi ke nan. Ga rarrabuwar kai da take haifarwa, kamar yadda muka gani a 2019 da 2023, inda abokan sana'a suka koma jifan juna saboda jam'iyya. Sannan wanda aka ba mota jiya, da wane baki zai tambayi gwamnati yau ina aka kwana kan tsarin da zai amfani kowa?

Inda ƙofa ta buɗe

Duk da haka akwai misalan da ke nuna cewa aikin Hausa na iya cin kasuwar waje. Lokacin da Netflix da UNESCO suka sa gasar sabunta tatsuniyoyin Afirka, mutum shida aka zaɓa, kowa aka ba shi dala 75,000 ya shirya gajeren fim. Wadda ta fito daga Najeriya, Korede Azeez, da Hausa ta yi nata, Zaɓin Halima, ya fita a 2023. A 2024 kuma Mai Martaba, fim ɗin Hausa da aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma an ga cewa harshen ba shi ne cikas ba.

A nan gida, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana fito da marubuta mata tun 2016. Akwai bikin HIBAF na littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, akwai KILAF na fina-finan harsunan Afirka a Kano. Gidauniyar Tony Elumelu kan buɗe shafin nema a ranar 1 ga Janairu, tana ba waɗanda suka dace dala 5,000, kuma sana'ar fasaha na ciki. Abu ɗaya ya haɗa waɗannan duka: babu inda ake tambayar ɗan gidan wa kake. Aikin da ka gama za ka nuna, ka rubuta bayani, ka tura kafin wa'adi ya cika.

To mene ne abin yi?

Kai da ke da tashar YouTube, ke da ke rubutu ko zane ko ɗaukar hoto, ku fara da abin da ke hannunku. Ku yi rajistar sunan kasuwanci, ku raba asusun sana'a da na cefane, ku riƙa rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce da Hausa, da shaidu biyu. Ku adana alƙaluman masu kallonku, don su ne tikitin sinimarku. Idan kuɗin rajista ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ku haɗu ku biyar, mai kyamara da mai rubutu da mai tacewa, ku yi kamfani ɗaya. Adashin da ake yi a lokeshan ma, idan aka mai da shi ƙungiyar gama kai mai rajista, banki zai saurare ta. Kuma a kula da 'yan damfara: duk mahaɗin da aka turo a WhatsApp ana cewa ka biya kuɗin fom ko ka ba da lambar sirrin katinka kafin a ba ka tallafi, ɓarawo ne.

Mu da muke karanta aikin jarida a jami'a, akwai aiki a nan da ke jiran mu. Ga masu basira da ba su iya rubuta takardar neman tallafi ba, ga mu da ake koya mana rubutu muna kukan rashin aiki. Ko fassara sanarwar waɗannan damarmaki zuwa Hausa mu watsa a kan lokaci babbar gudummawa ce.

Ƙungiyar MOPPAN da sauran ƙungiyoyin sana'ar, ya kamata su fitar da takardar yarjejeniya ta bai ɗaya da mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikaci, su kuma sa mambobinsu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda Kano ke da hukumarsa tuni. Gwamnatin jiha kuma, maimakon motoci goma ga mutum goma, ta ware ƙananan tallafi da za a nema a fili, da Hausa da Turanci, a wallafa sunayen waɗanda suka samu da aikin da suka yi da kuɗin. Su ma Hajiya Hannatu da Ali Nuhu, abin da za a auna su da shi shi ne matasa nawa daga Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato suka shiga waɗannan shirye-shirye a zamaninsu, kuma muna da haƙƙin neman a fito da alƙaluman.

Saura mu masu kallo. Muna sayen data ta dubu biyu mu ƙarar a TikTok cikin kwana biyu, amma ɗari biyar ɗin marubuciya ta gagare mu, sai mu jira a sato mana. Duk tallafin da za a kawo daga Abuja ko daga Turai na ɗan lokaci ne. Kuɗin da zai riƙe mai fasaha har tsufansa daga aljihun masu jin daɗin aikinsa zai fito, kuma mu ne su.