Kwanukan Kaka ba kayan bola ba ne

1/ Na dawo gida Zango hutun Sallah, sai na tarar da ƙanena a ƙofar gida yana ciniki da mai gwangwan. Buhu guda: samira, fanteka, tasoshin tagulla biyu, duk daga jeren Kaka. Kuɗin da aka taya bai kai na datar wata ɗaya ba. Zare ne, ku yi haƙuri da ni 🧵

2/ Na ce me za ka yi da kuɗin? Wai furen roba da balan-balan zai sayo a Daura, a gyara falo saboda baƙin Sallah. Wato a narkar da tagulla a sayo iska. Kai jama'a.

3/ Mu ne fa muke raba dare a TikTok da Pinterest muna yaba Baturiya don ta maida tsohuwar kwalba fitila. Alhali cikin wannan aka haife mu. Aci-balbal daga gwangwanin madara ake ƙera ta. Ƙyallayen da tela ya zubar su ake haɗawa a yi rigar matashi. Buhun taki ya koma jaka. Iyayenmu ba su sa masa suna ba, yi kawai suke.

4/ Jere kuwa ba ado ne kawai ba. Kwanukan da kuke gani an ɗora su har kusa da rufin ɗaki, dukiyar mace ce. Da su aka kai ta ɗaki, ta riƙa ƙarawa da ribar ƙuli-ƙuli da kuɗin adashi. Idan ta ɓaci ta ciri ɗaya ta sayar, idan 'yarta za ta yi aure ta ɗiba mata. Asusunta ke nan a bango, kowa na gani.

5/ Shi ya sa in na ji an ce "tarkacen tsofaffi" raina yake sosuwa. Wanda bai taɓa tara naira dubu biyar ta kwana bakwai a hannunsa ba, shi ne zai kira ajiyar shekara hamsin tarkace.

6/ Na sallami mai gwangwan, na shiga wajen Kaka na nemi izini. Tasoshin na goge su da toka da lemun tsami, hasken da suka yi sai ka rantse jiya aka ƙera su. Faya-fayan kabarta guda tara na sa musu zare ta baya, na rataye a bangon falo, manya a tsakiya. Tsohuwar atamfar Inna da ta koɗe a gefe, tela ya fitar da rigar matashi huɗu. Kuɗin ɗinki da na ƙusa kawai na kashe.

7/ Gaskiya ba kowane tsohon abu ne abin ratayewa ba. Tabarmar da gara ta ci, a bar ta ta tafi. Ƙwarya tana tara ƙura da kyankyaso, sai kin iya shara. Kuma don Allah kar a kunna aci-balbal kusa da labule don a ɗauki hoto, fitilar caji ta isa.

8/ Babba a ciki: kada ki huda kwanon da ba naki ba don kin ga an yi a bidiyo. Ki tambaya. In an hana, an hana.

9/ Furen roba kuwa, kafin Sallar Gani rana ta cinye kalarsa, mai gwangwan ma ba zai taya ba. Kwata zai toshe mana da damina.

10/ Da Kaka ta leƙo falon, ta daɗe tsaye ba ta ce komai ba. Can ta nuna ƙaramar tasar ta ce, "Wannan uwata ce ta ba ni, ki matsar da ita sama, yara za su taɓa." Ƙanena da kansa ya ɗauko kujera ya hau.

11/ Mai gwangwan ya ce zai sake zagayowa unguwarmu bayan Sallah. Ku leƙa ƙarƙashin gadon tsohuwar gidanku kafin ya iso.