Masu Sha'awar Jita: A Buɗe Ƙofa, A Rufa Asiri

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana da mu masu sha'awar jita muke ta ja-in-ja a kanta. Maganar kuwa ita ce, shin taron masu koyon jita ya kamata ya zama a buɗe, kowa ya shigo, kowa ya ɗauki hoto ya yaɗa, ko kuwa ya zama na 'yan kaɗan waɗanda suka amince da juna? A nawa ganin, abubuwa biyu ne muka haɗa wuri ɗaya, shi ya sa muka kasa shiryawa. Akwai ilimin kaɗa jitar, akwai kuma mutumin da yake koyo. Ilimin ya kamata a buɗe shi ga kowa, amma fuskar mai koyo da sunansa da lambar wayarsa nasa ne, sai da izninsa za a fitar da su.

Kafin in kawo dalilaina, bari mu dubi maƙwabtanmu Buzaye na Nijar da Mali, domin a wannan yanki namu babu waɗanda suka riƙe jita kamarsu. Ƙungiyar Tinariwen ta fara haɗuwa ne a ƙasar Aljeriya wajen shekarar 1979, samari ne 'yan gudun hijira daga Mali. Ba su da gidan rediyo, ba su da kanti. Duk wanda ya kawo musu kaset wanda babu kome a ciki sai su cika masa da kiɗa, shi kuma ya kwafa wa wani, har waƙoƙin suka ratsa Sahara daga hannu zuwa hannu. Da sun ce sai ɗan gida kaɗai zai ji, da babu wanda ya san su, balle su karɓi kyautar Grammy a Amurka a 2012.

Haka kuma Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa a Nijar. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, saboda haka da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka yi ta yawo daga wannan waya zuwa waccan. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011, daga nan duniya ta san shi. Ita ma Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad da jitar yayanta ta koya wa kanta kiɗa, a lokacin da ake ganin wannan aikin maza ne, yanzu ga ta ta kai ƙungiyarta har Turai da Amurka.

Masu cewa a buɗe kome da kome da waɗannan labarai suke kafa hujja. Amma in an lura, labaran suna da fuska ta biyu. Mdou da Fatou duk a keɓe suka fara, inda babu idon jama'a. Da a ce ranar da yaro ya fara taɓa tsirkiya aka yi shela da shi a kasuwa, ina jin da abin bai yi nisa ba. Sai da hannunsu ya faɗa, suka kuma yanke wa kansu shawara, sannan suka fito fili. Har wa yau, a Nijar ɗin nan an yi lokacin da riƙe jita ya zama haɗari ga Buzu. Da tawaye ya ɓarke a 2007, Bombino, makaɗin nan na Agadas, barin ƙasar ya yi ya koma Burkina Faso, bai dawo gida ba sai 2010. Ke nan sanin wane ne ke kaɗawa, da inda yake kwana, ba kullum ne yake zama alheri ga mai kaɗawar ba.

To, mu nan babu yaƙi, alhamdu lillahi, amma muna da namu abin tsoron. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado. Ana jin daɗin kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos a kowane gida, amma ba kowane uba ne zai so a ce ɗansa ya zama makaɗi ba. Wasu gidajen don addini suke ƙi, wasu don gudun a kira ɗansu maroƙi, wasu kuwa tsoro suke yi kada kiɗa ya ɗauke hankalin yaro daga karatu. Wannan hukunci ne na mai gida, kuma dole a girmama shi. Yanzu ku ƙaddara yaro ɗan aji biyu ya zauna yana gwada jita na minti biyar ranar ziyara, wani baƙo ya ɗauke shi a waya ya tura wa abokansa don a yi dariya. Kafin a yi hutu hoton ya isa unguwarsu, wani ya ƙara masa gishiri, ya ce ai yaron ya bar karatu ya shiga bin 'yan kiɗa. Uban da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta, in ya ji wannan daga bakin maƙwabci, yana iya cewa yaro ya tattara akwatinsa ya dawo gida. Idan yarinya ce abin ya fi muni, don har maganar aurenta sai ya taɓa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, hoton waya kuwa ya fi magana wuyar dawowa.

Kada iyayenmu su ɗauka ina cewa ne a ɓoye musu abin da muke yi. Sam. Abin da nake nufi shi ne, uba ya fi cancanta ya ji labarin ɗansa daga bakin ɗan, ko daga malamin da ke kula da shi, a cikin natsuwa, tare da takardar sakamakon jarrabawa a gabansa. Mai ɗaukar hoto ba da izni ba ya ƙwace wa uba da ɗa wannan dama. Hukuma ma ta san da haka. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ce kamfani ko wata hukuma da ke son amfani da bayanan yaro sai ta nemi yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Idan manyan kamfanoni aka ɗora musu wannan, mu da muke cin tuwo a kwano ɗaya mun fi cancanta mu kiyaye wa juna.

Saura masu cewa a rufe taron gaba ɗaya, sai amintattu kaɗai. Su ma ban goyi bayansu ba. Jita tana da tsirkiya shida, ba kamar kuntigi ko goge masu tsirkiya ɗaya ba, kuma ɗaure tsirkiyoyin nan su daidaita da juna shi kansa darasi ne wanda sai an nuna wa mutum. Ga tsada, ɗalibai kaɗan ne iyayensu za su iya saya musu. In manya uku ko huɗu suka kulle kansu a ɗaki da jita ɗaya tilo, ƙanana ba za su koya ba, ranar da manyan suka gama makaranta kuwa ilimin ya bi su. Bayan haka, a makarantar kwana duk taron da ake yi a ɓoye zargi yake jawowa. Yau a ce shan taba ake yi, gobe a ce ƙungiyar asiri ce, jibi Shugaban Makaranta ya hana abin ɗungurungum, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, lokacin koyo da wurin koyo su zama sanannu, da malami a wurin, kuma ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida kowa ya sami layinsa na riƙe jita. Abin da aka koya a rubuta shi a allo, mai so ya kwafa ya kai wa wanda bai zo ba. Na biyu, kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi, in ya ce a'a kuwa kada a nemi dalili. Idan don koyarwa ake son hoton, a ɗauki yatsu da tsirkiya kawai, ai su ne darasin. Na uku, littafin sunayen masu zuwa ya zauna a hannun malami, kuma lokacin hutu kada wani ya ba da lambar wayar ɗan'uwansa ga baƙo don wai shi ma mai son jita ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na huɗu, wanda ya ƙirƙiri kiɗansa kuma yake son a ji, a sa sunansa a kai. Waƙoƙi da yawa sun yi yawo a wayoyin Sahara babu sunan masu su, sai da Kirkley ya bi sawu kafin wasu makaɗan su sami haƙƙinsu. Mai son a ɓoye shi da mai son a ambace shi, kowanne shi ya kamata ya zaɓa.

Ina roƙon 'yan'uwana manya su tuna cewa su ma wani ne ya yi haƙuri ya nuna musu inda ake ɗora yatsa. Ina kuma roƙon iyayenmu, in sun zo ziyara suka tarar da mu muna koyo, su zauna su saurara, su tambayi malaminmu duk abin da ya shige musu duhu, amma su bar waya a aljihu sai an nemi iznin yaran da ke wurin. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.