Ƙaramin ƙarfe, babbar asara

Injin ban ruwan da manoman tattasai ke girkawa a bakin Komadugu yakan juya wajen sau 3600 a minti guda. Ƙaramin ƙarfen da ke tura bawul kuwa yana shan bugu sau 1800. Masu motocin tsere kan zaɓi mai ƴar taya a gindi domin rage guga. Manomin Diffa ba shi da wannan gata, amma yana iya ƙin jabu. Ƙarfen da bai sha wuta ba yakan cinye, garinsa ya bi baƙin mai, inji ya mutu daidai lokacin da tattasai ke fure. Ɗan kasuwan da ya ba da jabun bashi, kuɗinsa kan bushe tare da gonar. Araha dai ba ta ado.