Sharhi: Motar da ke da lakile ɗaya, rabin mota ce

 Sharhinmu na wannan mako a kan ƙaramin abu ne, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma yana iya tsayar da motar miliyoyin sefa cak a tsakiyar tasha. Lakilen mota muke nufi, wato mabuɗi.

A zamanin Peugeot 504 da 505, lakile ƙarfe ne kawai. In ya ɓace, mai gyaran kwado ya ɗauki magagari ya goga maka wani, ka biya ƴan daloli ka kama hanya. In ma abin ya ƙi, direba ya haɗa waya biyu mota ta tashi. To kiɗa ya canja, kuma da yawa cikinmu ba su canja rawa ba tukuna.

Daga ina canjin ya zo?

Daga Turai. Saboda yawan satar motoci, tun shekarar 1998 dokar ƙasashen Turai ta tilasta a sa wa kowace sabuwar mota na'urar hana tashi. Mu kuwa a nan akasarin motocin da muke saye na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Beljiyam, Faransa, Jamus ko Amurka. Shi ya sa dokar da aka yi can shekaru da dama da suka wuce, yanzu ne take iso mu sosai, yayin da tsofaffin motoci ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu na'ura na maye gurbinsu.

Ga yadda abin ke aiki. A cikin baƙar robar kan lakile akwai ƴar ƙwayar lantarki, kamar ƙwayar shinkafa ko ta ɗara kaɗan, masu garaji na ce mata cip. Ba ta amfani da pil. In ka zura lakile, wani zobe da ke kewaye da ramin yana ba ta wuta, ita kuma ta faɗi lambarta. Ƙwaƙwalwar mota ta duba. In ta san lambar, ta bar inji ya kama. In ba ta sani ba, sai ka ji inji na juyawa amma ba ya kamawa, ko ya kama ya mutu nan take, wata ƴar fitila mai hoton mabuɗi tana ƙiftawa a gaban direba. Sau da yawa a nan ake tafka asara: a ce famfon mai ne, a canja, a ce batir ne, a saya, alhali mota lafiyarta ƙalau, lakilen ne ba ta gane ba.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu?

Kowa ya san abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, iyakoki suka rufe, har Ɗan Barto da ke nan kusa da mu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris. Amma gadar Gaya, wadda motocin Kwatano suka saba bi, ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, hannayen da mota ke bi kafin ta iso Damagaram sun ƙaru. Mota tana fita daga kamfani da lakile biyu. A tsakanin mai ita na farko, da dillalin can, da tashar jirgin ruwa, da direban da ya tuƙo ta, da dillalin nan, ɗayan yakan salwanta. Mai saye kuwa idonsa na kan inji da taya da fenti, ba ya tambaya.

Bambancin mai lakile biyu da mai ɗaya ba ƙarami ba ne. Muddin akwai ɗaya a hannu, ƙara na biyu aiki ne mai sauƙi: a yanka ƙarfen, a jona kwamfuta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a gabatar wa ƙwaƙwalwar mota sabon cip. Amma in ɗayan nan tilo ya faɗa rijiya a lambu, ko ya zube a cunkoson ranar kasuwa, to magana ta zama babba. A wasu motocin sai an kwance ƙwaƙwalwar an goge abin da ke ciki an sake rubutawa, a wasu sai an canja ta ɗungurungum tare da kwadunanta. Irin wannan aiki har yanzu ya fi samuwa a manyan birane. Ko dai a ɗauko mai na'ura daga Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 80 ta Takeita, a biya masa kuɗin mota da na aiki, ko a kwashi kayan a bi ta Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura da Kazaure zuwa Kano, wajen ƴan kayan gyara na Ƙofar Ruwa, da canjin naira da shingayen hanya.

Kuma fa mu tuna, mota a karkararmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Motar da ke fita daga Dungu, Kurni, Yawuri ko Tsawni, ita ce ke kwaso rake da tumatir daga korama, ita ce ke kai mai naƙuda likita cikin dare. In ta kwana uku a tsaye saboda lakile, tumatir ya ruɓe, mai haƙuri kuma a ɗora shi a amalanke ko bayan kabu-kabu.

Dabarar da ke buɗe wa ɓarawo ƙofa

Akwai wata hanya ta araha da ta yaɗu. A fasa kan lakile, a ciro cip, a liƙa shi da salatef jikin zoben nan. Daga nan kowane ƙarfe aka yanka zai tada motar. Gaskiya ne, mota za ta tashi. Amma ka sani ka kwance mai gadin da kamfani ya sa maka. Mu dubi Amurka, inda doka ba ta tilasta na'urar ba: daga 2021 samari suka riƙa koya wa juna a TikTok yadda ake sace wasu motocin Kia da Hyundai marasa ita, sata ta yi yawa har kamfanonin suka koma gyara motocin da suka riga suka sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu da ke bakin iyaka, inda motar da aka sace da asuba za ta iya kwana a wata ƙasa, bai kamata mu tsaga bangonmu da hannunmu ba.

Ita ma na'urar yin lakile wuƙa ce mai kaifi biyu. Kamfanonin Sin irin su Autel da Xhorse sun sa ta zo hannun ƙananan masu garaji, wannan alheri ne. Sai dai na'urar ba ta san mai mota ba, ba ta san ɓarawo ba. Mai riƙe da ita ne zai tantance. Don haka muna ganin duk wanda zai yi wa mota sabon lakile, wajibi ne ya ga kart giris da katin shaidar mai ita, ya duba lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace da ta takarda, ya rubuta a littafi. Sandikan direbobi da jandarma na iya zama su tsayar da wannan ƙa'ida, ba sai an jira doka daga Yamai ba.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke tara gumin shekaru ku aiko wa gida mota, don Allah kada ku biya kuɗi sai kun ga lakile biyu, kowanne ya tada motar a gabanku. Wanda ke buɗe ƙofa kawai ba lakile na biyu ba ne. In Peugeot ce ko Citroën, ku tambayi ɗan katin lambar sirri mai haruffa huɗu da ke zuwa da ita. In Toyota ce, ku lura: a da yawa cikinsu baƙin lakile shi ne babba, mai launin toka ƙarami ne, kuma da babban ake ƙara wani cikin sauƙi. In kuwa talikoman za ku aiko, ku san motocin Turai galibi kan mita 433 suke, na Amurka kan 315. Kamanninsu ɗaya a ido, amma wannan ba ya jin yaren wancan.

Direbobi kuma, in talikoman ya daina aiki, kafin ku tada hankali ku canja pil, ƴar faifan nan mai lamba CR2032 a mafi yawansu. Motar da ake dannawa ta tashi, akwai ƙaramin ƙarfe ɓoye cikin talikoman na buɗe ƙofa, kuma a da yawa in ka manna talikoman jikin maɓallin za ta tashi ko pil ya mutu. In lakile ya ɓace aka yi sabo, ku sa a goge tsohon daga ƙwaƙwalwar mota, don wanda ya tsinta kada ya zo ya ɗauke ta. Na biyun kuma a aje shi gida wurin amintacce, kada a rataye su a zobe ɗaya.

Kira na ƙarshe ga hukumomin gundumar Kance, da cibiyoyin koyon sana'a, da asusun FAFPA. Samarinmu na tafiya Arewa neman abin yi, ga kuma sana'a tana shigowa garinmu kullum a kan taya huɗu. A koya wa ko da mutum biyu ko uku lantarkin mota da aikin kwamfutarta, a taimaka musu da na'ura, su zauna nan Matamaye. Kuɗin da ke tafiya Kano da Damagaram zai tsaya gida, motar ƙauye kuma ba za ta kwana a tasha ba.

Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.