Raddi ga masu cewa motocin uwa ɗaya ƙarkonsu ɗaya

Wata magana ta yaɗu a bakin wasu dillalan motoci a Yamai, cewa motocin da ke ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya, wato babban kamfanin da ya mallaki sunaye da yawa, ƙarkonsu ɗaya ne, don haka wanda ya yarda da Toyota ya sayi Lexus ba fargaba, wanda ya saba da Peugeot kuma kada ya yi shakkar Opel. Wajibi ne a warware wannan magana, domin mai tara kuɗi shekara da shekaru shi ne take jefawa cikin asara.

Hujjarsu ta farko ita ce mai kamfanin ɗaya ne. Amsa ita ce mallaka tana da ranar farawa: sai a 2017 kamfanin PSA, mai Peugeot da Citroën, ya sayi Opel daga General Motors na Amurka, saboda haka Opel Astra ta 2002 da aka kawo daga Turai an ƙera ta shekara 15 kafin cinikin, kuma sayen kamfani ba ya komawa baya ya sauya injin da ya riga ya fita.

Hujja ta biyu, cewa ƙirarsu ɗaya ce, ta fi ƙarfi, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin Lexus LX 570 da Toyota Land Cruiser 200 a kan ƙashin mota ɗaya aka ɗora su. Sai dai an ƙara wa Lexus na'urar da ke ɗaga motar ta sauke ta da ƙarfin mai, tare da tarin kayan lantarki, kuma kowane ƙari wata ƙofa ce ta lalacewa a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina. Idan na'urar ta tsaya, ba kowane garaji ke iya taɓa ta ba.

Suna kuma cewa tambari yana nuna asali, alhali Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 daga masana'anta ɗaya suka fito a Kolin ta ƙasar Cek, inda aka fara ƙera su a 2005, ga shi kuwa uwayensu biyu ne.

Abin da suka tsallake gaba ɗaya shi ne kayan gyara. Tsofaffin Starlet da Corolla da ke aikin tasi a Yamai suna tashi kowace safiya ne saboda kayansu suna nan a kasuwa da araha, kuma yaron makaniki ma ya san su ciki da bai.