Mai jinyar sankara ya ce yana gani dishi-dishi, kada mu ce gajiya ce

'Yan uwa, idan namu ya kamu da ciwon daji, hankalinmu duk yana kan kuɗin magani da kuɗin mota daga Kafanchan zuwa Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika ko na Jos. Ranar da ya ce ganinsa ya fara hazo, sai mu ce jiki ne ya yi laushi, mu aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa. Wannan kuskure ne, kuma yana iya cin ido.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, likitoci na ce masa ratina. Idan ya lalace, tabarau ba ya gyara shi. Sankara da kanta kan sa garkuwar jiki ta ruɗe ta far masa, an fi ganin haka a sankarar huhu. Sabbin magungunan da ke zuga garkuwar jiki ta yaƙi sankara, irin su Keytruda, su ma sukan jawo kumburi a cikin ido ga kaɗan daga masu karɓarsu. Magani ne na gaske, binciken da ya haifar da shi ne ya sa aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Sai dai sojan da aka zuga ba kullum yake tantance gida da daji ba.

Wani zai ce wa ke da kuɗin wannan a Zonkwa ko Kagoro? Gaskiya ne. To amma tamoxifen fa, da iyayenmu mata masu sankarar mama ke sha shekara da shekaru? Shi ma yakan taɓa ratina, ya kawo yanar ido. Haka dexamethasone da prednisolone, idan aka daɗe a kansu, kan ɗaga hawan ido.

Ba mu ce kowa ya ajiye maganinsa ba, sam. Hazo, walƙiya a ido, ɗige-ɗige masu yawo, jan ido mai zafi ko rashin gani da dare, a kira likitan da ke ba da maganin a ranar, a nemi takardar zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Mu kuma a ƙungiyance, duk gudummawar da za mu tara wa mai sankara, mu ware kuɗin gwajin ido tun kafin ya fara magani.