Wasiƙa ga masu haɗa taron bidiyo: ku daina cewa "netwok ne"

Ya ku 'ya'yana da ƙannena masu wannan sana'a, na Kano da Kaduna da Maraɗi da duk inda ake saɓa kyamara da kwamfuta a shiga zaure don a sada na kusa da na nesa.

Bari in fara ba ku haƙƙinku. Tun shekarar 2020, da korona ta kulle mutane a gida har majalisar zartarwa ta tarayya ta koma zama ta bidiyo, ku kuka riƙe jama'a. Tafsirin azumi ya isa kunnen 'yan uwa a Makka da Kumasi, ɗalibai sun kare digirinsu, an ɗaura aure waliyyi yana wata ƙasa. Yawancinku ba wanda ya zaunar da ku ya koya muku, ku kuka lalubo da kanku. Allah ya yi wa neman albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinku. Za a cika zaure, a kafa manyan lasifika biyu, a ajiye kwamfuta gaban shugaban taro, wani yaronku kuma ya shiga taron da wayarsa daga bayan ɗaki wai yana dubawa. Sai a ba baƙon da ke nesa dama. Ya yi sallama, ya ji sallamarsa ta dawo masa a kunne. Ya sake farawa, ya yi karo da muryarsa, ya soma in'ina kamar ba shi ne malamin da aka gayyato ba. Can sai ƙara ta tashi mai huda kunne, dattawan sahun gaba su toshe kunnuwa. Sai ɗayanku ya karɓi makirufo ya ce, "A yi haƙuri jama'a, netwok ne."

Ba netwok ba ne, kuma wasunku sun san haka. Muryar baƙon ta fito ta lasifika ta koma cikin makirufo, ko kuwa ku da kanku kuka kwashi duk abin da ke cikin miksa kuka mayar masa, har da muryarsa. Manhajar taro tana da dabarar kashe amsa-kuwwa, amma tana iya goge sautin da ita ta fitar ne kawai, domin shi ta sani. In wayar yaronku ce ta fitar da sautin daga bayan ɗaki, kwamfutar da ke gaba za ta ɗauka sabon mai magana ne, ta aika. Shi ya sa na'ura ɗaya tak ce ya kamata ta riƙe sauti a ɗaki ɗaya. Rufe makirufon ta biyun bai isa ba, sai an raba ta da sautin gaba ɗaya. A kan miksa kuma akwai mafita ta gefe da za ka zaɓi abin da zai bi ta cikinta: ka tura wa na nesa kowace murya ban da tasa. Tsofaffin injiniyoyin rediyo haka suke yi wa mai bugo waya a shirin kai tsaye tun kafin a haifi yawancinku.

Kalmar nan ta "netwok" ta hana ku koyon aikinku. Likitan da duk wanda aka kawo masa zai ce "ba shi da lafiya" ya rufe baki, bai fara aiki ba tukuna. Cututtukan da kuke tarawa a kalma guda daban-daban ne, kowace da sunanta da ma'auninta da maganinta. Akwai jinkiri, wato lokacin da magana ke ɗauka daga baki zuwa kunne. Akwai tangal-tangal, inda ƙunshin bayanai ke isowa ba a kan ƙa'idar lokaci ba, wani da wuri wani a makare, murya ta riƙa sarƙewa. Akwai zubewar ƙunshi a hanya, wadda ke cinye gaɓoɓin kalma ta farfasa hoto. Akwai kuma ƙuncin hanya, musamman ta aikawa, wadda kusan ba mai aunawa a cikinku. Kuna duba saurin saukewa ku ce sabis ya yi kyau, alhali mai watsa taro aikawa yake yi.

Ku ɗauki jinkiri kaɗai. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa a Faris tun 1865 zamanin wayar tangaraho, tana da ƙa'ida mai lamba G.114. Ta nuna cewa in jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, yawancin mutane za su yi hira ba su lura ba, in kuwa ya haura 400 to hanyar ba ta dace da zance ba. Tauraron ɗan Adam irin wanda ke tsaye saitin wuri guda yana nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, hawa da sauka kaɗai na cin kusan milisakan 240. Wanda ya san wannan, in zai haɗa taro da wani ƙauye ta irin wannan hanya, zai ja shugaban taro gefe tun kafin a fara ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yi tambaya ka ɗan dakata, kada ka maimaita." Wanda bai sani ba zai bar manya biyu suna katse juna, kowa na ganin ɗan uwansa ya raina shi. Na ga an tashi taron sulhu rai a ɓace saboda wannan, kuma mai na'urar ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai san shi ya haddasa ba.

Ba na musun cewa hanya takan lalace. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da ofisoshi a Najeriya da Gana suka shiga wahala. A irin wannan rana ka ce netwok ne, kowa zai gaskata ka. To amma wanda ya saba faɗar haka kullum, wa zai saurare shi ranar da ta zama gaskiya?

Laifi na biyu ɗan uwan na farko ne: kun fifita hoto a kan murya. Mutum zai tara kuɗi ya sayi kyamara mai tsada da fitilu, ya cika allo da tambari da rubutu masu yawo, sannan ya bar makirufon jikin kwamfuta ya ɗebo murya daga nisan taku goma, tare da kukan fanka da na janareta. In hoto ya daskare murya na tafiya, taro na ci gaba. In murya ta mutu, kome kyan hoton an tashi. Kuma murya ba ta da ci: da tsarin Opus, wanda aka tabbatar a 2012 kuma manhajoji da yawa ke aiki da shi, kilobit 32 a sakan ya ishi magana ta fito tas, alhali hoto mai cikakken tsabta yana neman kusan ninki ɗari na wannan. In hanya ta ƙuntata, hoton za ka rage. Ku kuwa sai ku riƙe hoton saboda shi mai biyan kuɗi ke gani a allo.

Wannan ya fi yi mini ciwo a wajen tafsiri da karatu. Tsohon layin tarho, mai bin ƙa'idar G.711 ta 1972, yana ɗaukar sauti daga Hz 300 zuwa 3,400 ne kawai, kuma yawancin abin da ke bambanta "s" da "f" da "sh" yana sama da nan. Don haka aka fito da G.722 a 1988, aka buɗe zangon zuwa 7,000. Mutane sun yi shekaru suna wahala don su dawo wa murya da waɗannan sautuka, ku kuma kuna zubar da su da abin kunne mara waya na arha, wanda da zarar an kunna makirufonsa yake matse sautin. Alaramma ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara mafitar haruffa, ya zo hannunku a kasa rarrabe sinun da sa'un. Ga kuma tace hayaniya da manhaja ke yi da kanta: an gina ta don maganar ofis, tana iya ɗaukar jan madda ko amon kayan kiɗa a matsayin hayaniya ta datse. Zoom na da wurin da ake barin sauti yadda yake. Ku nawa ne kuka taɓa buɗe shi?

Maigidan da ya koya mini aiki ba ya barin yaro ya taɓa miksa sai ya iya zana hanyar sauti a takarda, daga makirufo har eriya, ya faɗi sunan kowace mahaɗa. In ka ce masa "ta ƙi yi", zai tambaye ka wace ce, a ina, da me ka auna. Mun ji haushinsa a lokacin. Yau ina shiga zaure in tarar da wayoyi a cukurkuɗe ƙarƙashin tebur, ba alama a jikin ko ɗaya, mai aikin yana can yana latsa wayarsa. Wallahi da a gabansa ne, da ranar ce ta ƙarshe.

Ku san kuma cewa sauƙin da kuke ciki gado ne. Kafin 1990, na'urar taron bidiyo ta wannan kamfani ba ta magana da ta wancan, sai da aka zauna aka amince da ƙa'idojin H.320 da H.261. Daga baya aka samu H.323 a 1996, SIP a 1999, sai H.264 a 2003 wanda har yau shi ke ɗauke da yawancin hoton da kuke aikawa. Injiniyoyi irin su Henning Schulzrinne da Gary Sullivan da Thomas Wiegand sun yi shekaru ana gardama a kan ma'anar kowane abu, don mutumin Tokiyo da na Zariya su faɗi suna ɗaya su nufi abu ɗaya. Ban ce ku haddace lambobin nan ba. Amma ranar da wata jami'a ko kotu ta ce na'urar ɗakin taronta SIP take ji, bai kamata ku tsaya kuna kallon juna ba.

Na yi zafi, ku gafarce ni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Roƙona gare ku, manyan cikinku su zauna su daidaita sunayen waɗannan matsaloli da Hausa, a rubuta a shafi guda, a ba kowane sabon yaro ranar da ya fara aiki. Ku riƙa isa wurin taro da awa guda, ku kira mutumin da ke nesa shi kansa, ku sa shi ya yi magana ta lasifikan zauren yadda za a ƙure su in an cika, ku tambaye shi ko yana jin muryarsa na dawowa. In kun shirya zaman, ku aiko a gaya mini, zan zo da tsofaffin takarduna.

Wassalam, naku,
Tsohon injiniyan sauti.